Tafin Hannun Tesfalem

Ni dai na gaji da takardu, na gaji da layi, na gaji da jin "ku jira". Shekara goma sha wani abu muna wannan ƙaramin gari na bakin teku a Denmark, tun da muka baro Eritiriya da 'yarmu Yordanos goye a bayana. Mijina Tesfalem ya ci jarrabawar harshe, ya ci ta tarihin ƙasa, wadda ni na faɗi har na daina ƙirgawa. Majalisa ta amince da sunansa. Abu ɗaya ya rage, ya je zauren gari ya sa hannu, ya yi musabaha da magajin gari tafi da tafi, ba safar hannu. Sai an yi wannan mutum ke zama ɗan ƙasa.

Ba don kansa yake rawar jiki ba. Yordanos a ƙarƙashin sunansa take, kuma in ta cika sha takwas kafin musabahar nan, ta fita, sai ta faro nata daga tushe. Garinmu sau biyu kawai ake taron a shekara. An sa ranar Juma'a, ita kuwa sati na sama take cika sha takwas. Yarinyar da ko injera, wainar ƙasarmu, ba ta iya toyawa, ina za ta in wata rana aka ce ta koma Eritiriya?

Ana wata ga wata. Ranar Litinin aka kira ni daga masana'antar bandar kifin da yake aiki. Santsi ya ɗebe shi, ya dafe murfin tanderu da hannu biyu. Na same shi a asibiti an naɗe masa hannaye kamar ɗan dambe, likita na gargaɗin kada iska ta taɓa wurin, balle hannun wani.

"Kai kuwa Baban Yordanos," na ce, "duk shekarun nan ba ka ga ranar faɗuwa ba sai satin nan?"

"To Letay, ki tambayi kifin."

Washegari na tafi ofishin gari wurin Dorte, matar da ke shirya taron. Mutuniyar kirki ce, amma akwai tsoron laifi. Ta juya littafinta, ta cire tabarau ta mayar.

"An rubuta ba safar hannu," ta ce. "Ba a ce komai a kan bandeji ba."

"To ashe ya halatta."

"Ban ce ba. In na bari, daga baya wani a sama ya ce tafi bai taɓa tafi ba, sai a soke. Zan tambaya."

"Yaushe za su amsa?"

Ta ɗaga kafaɗa. Na san wannan ɗaga kafaɗar, da ita muka tsufa a ƙasar nan. Ta ƙara da cewa ai akwai wani taron bayan hunturu, mene ne na gaggawa? Na ɗauki jakata na fito cikin yayyafi.

Har Juma'a shiru. Ni na sa masa riga, na ɗaura masa lakataye a karkace, na taje masa ɗan gashin da ya rage. Yordanos kuwa sai zumuɗi take, ta sha kwalliya, waya a hannu. Ba mu gaya mata zancen Dorte ba.

Zauren ya cika da irinmu, kowa cikin kayan fita kunya. An jera kofi da kek a gefe, an soke ƙananan tutoci a kai. Da aka kusa kiran sunaye, Tesfalem ya zungure ni da gwiwar hannu, muka fita. Ya tura ƙofar banɗaki da kafaɗa, ya miƙo min hannunsa na dama.

"Kwance."

"Ka haukace ne? Ka ji abin da likita ya ce."

"Likita yana da fasfo, 'ya'yansa ma suna da shi. Kwance, Letay."

"In hannun ya lalace, da me za ka yi aiki? Da haƙori?"

"Ba ni da yatsun da zan kwance da kaina. Kada ki sa in roƙe ki."

Na kwance. Ina warwarewa ina zaginsa, ina zagin kifi, ina zagin wanda ya fara ƙirƙiro musabaha. Zaren ƙarshe ya manne da nama, sai da na jiƙa shi da ruwan famfo. Tafin ja wur, ba fata, yana tsattsafo da ruwa. Na tausaya masa ƙwarai, amma ban faɗa ba. Na ja masa hannun riga ya rufe abin da zai rufu.

Magajin garinmu tsohon manomi ne, ƙato, irin masu ganin gaisuwa ba ta cika ba sai ƙashi ya yi ƙara. Aka kira Tesfalem. Ya riƙe biro da bakin yatsu ya yi wani zane da aka karɓa a matsayin sa hannu. Sannan ya miƙa hannu. Mutumin bai ko duba ba, idonsa na kan mai hoto. Ya damƙe, ya girgiza, ya sake girgizawa, yana yi masa barka da babbar murya. Na ga jijiyar wuyan mijina ta miƙe, gumi ya keto masa, amma bai janye ba har sai da aka sake shi. Har murmushi ya yi, ɗan banza.

Sai da Tesfalem ya sauko magajin gari ya kalli nasa tafin, ya ga jini, fuskarsa ta canja. Dorte ma ta gani. Ta dubi Tesfalem, ta dube ni, sannan ta sunkuya ta buga hatimi a takardar.

Ba mu tsaya cin kek ba. A bakin ƙofa Yordanos ta tare mu, ta ga hannun da na naɗe da mayafina, jini ya fara ɓullowa. Nan take ta gane.

"Baba, don me? Da kun gaya min! Da na jira, da na yi nawa da kaina."

"Kamar yadda uwarki ta yi nata?" ya ce.

"Ka ji ɗan rainin hankali," na ce, "hannu ya tafi, baki na nan."

Ita dai kuka take, har kwalliyar ta dame. Ya ɗaga hannu zai taɓa fuskarta, ya dubi na dama, ya dubi na hagu, ya sauke.

"Yi shiru haka nan, Yordanos. Ba ni da hannun share miki hawaye."

Ta goge da kanta, ta karɓi takardar daga hammatarsa ta sa cikin rigarta don kada ruwan sama ya taɓa. Muka tsaya mu uku a tasha, muna jiran bas ɗin asibiti.