Baba Toma Mai Haska Fim

Ana cikin loda kujerun silimar a bayan babbar mota Ni'ima ta iso da kwanon kunun gyaɗa. Baba Toma yana tsaye a bakin ƙofa, yana yi wa leburori faɗa su daina wurga su kamar itacen girki. Ya karɓi kwanon yana murmushi, ya ce mata wajen masu walda za a kai su a Sabon Gari, a gyara ƙafafun a sa musu sabon soso. Khalifa, ɗan mai silimar, da bakinsa ya faɗa masa ta waya.

Shekara arba'in da ɗaya Baba Toma yana haska fim a silimar Alhaji Ari. Daga Wusasa ya zo Kano yana saurayi, bai taɓa aure ba, kuma a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin ɗakin inji yake kwana. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan su Ni'ima. Duk Fagge an san cewa kafin Alhaji Ari ya rasu ya tara 'ya'yansa ya ce ɗakin nan na Toma ne har ranar da za a fitar da gawarsa. Daga baya kasuwa ta mutu. Kaset ya shigo, waya ta biyo baya, aka koma nuna wasan ƙwallo ranar Asabar da Lahadi, shi ma gidajen kallo na lungu suka ƙwace. Khalifa, babban ɗan Alhaji, yana Abuja, sai dai waya. A watan jiya ne Baffa, mijin Ni'ima, wanda dillancin gidaje ne sana'arsa, ya zo da wasu mutane da igiyar awo, ya ce injiniyoyi ne za a sabunta wurin. Tun ranar tsohon ya shiga goge injinsa kamar mai jiran baƙi.

Ni'ima tana shirin juyawa sai wata ƙaramar mota ta tsaya. Wani mutum mai ƙiba ya fito, Chimezie, mai sayar da tayil a Sabon Gari. Haifaffen Kano ne, Hausarsa tas. Ya gaida Baba Toma da ladabi, ya tambaye shi ko shi ne mai gadi, domin yana son makullin ɗakin ƙasa, nan zai fara sauke kaya kafin a yanka shaguna. Baba Toma ya ce wane kaya, ai nan ɗakinsa ne.

Chimezie ya dubi Ni'ima, ya sake duban tsohon.

"Baba, ba su faɗa maka ba? Na sayi wurin nan sati uku ke nan. Malam Baffa ya ce mini babu kowa a ɗakin."

Baba Toma ya ajiye kwanon a kan wata kujera da ba a kai ga ɗauka ba, ya zaro wayarsa ya kira Khalifa. Ta yi ƙara har ta katse. Ya sake kira, aka ce a kashe take. Ni'ima ta ja mayafinta ta shige gida ba sallama.

Bayan azahar Baffa ya dawo cin abinci, ta tare shi a tsakar gida. Bai musa ba. Ya ce silimar ta daɗe da mutuwa, in ba shi ya kawo mai saye ba wani dillalin zai kawo, kuma Khalifa ya yi alkawarin zai san yadda zai yi da tsohon. Ta tuna masa shekara goma sha shida tana kai wa mutumin nan abinci, kuma shi ne ya kai ta asibiti ranar da naƙudar 'yarsu Kamila ta kama ta Baffa yana Legas.

"Duk na ji, Baban Kamila," in ji ta. "Amma wa ya ce wa mutumin nan babu kowa a ɗakin?"

Ya ɗauki buta ya zagaya bayan gida, ya daɗe bai fito ba.

Chimezie ya yi halin kirki, ya ce Baba ya zauna wata guda har ya samu wuri. Tsohon bai kai ga cika watan ba. Kwana huɗu bayan nan ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo, aka kai shi asibiti a adaidaita. Likita ya ce hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin hagu. Da ya ɗan farfaɗo ya kafe sai an mayar da shi ɗakinsa. Martina, 'yar ƙanensa, malamar firamare a Zariya, ta zo jinya. Ita da Ni'ima suke juya shi, suna ba shi kunu da cokali, ƙarar guduma kuwa tana ratso bango tun daga safiya, domin an fara fasa dandamalin zama. Kullum sai ya sa Martina ta gwada lambar Khalifa. A kwana na shida ya ce ta bari haka.

Ranar Laraba da la'asar Baffa ya shigo da ledar lemo. Ya durƙusa a bakin katifar ya yi sannu, ya fara bayani, maganar tana sarƙe masa. Baba Toma ya zuba masa ido. Ya san shi tun yana rarrafe. Bakinsa ya karkace, sai da suka matso suka ji abin da yake cewa.

"Baffa, ranar da kuka zo awo, ni na riƙe maka tsani."

Daga nan ya ce wa Martina ta tura ƙofar, iska tana damunsa. Baffa ya miƙe ya fita.

Washegari da hantsi Baba Toma ya cika, Martina tana karanta masa Zabura a hankali, Ni'ima tana riƙe da hannunsa mai lafiyar. Leburori suka ajiye guduma. Mutanen lungu suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar silimar, dattawan da suka yi samartakarsu a kujerun nan suka yi ta zuwa gaisuwa, Chimezie ma ya zo ya zauna da su hula a hannu. Da rana Khalifa ya kira Baffa, ya ce a gaida iyalan mamacin, ai Baba Toma uba ne a wurinsu. Baffa ya roƙi Ni'ima ta isar wa Martina. Ta ci gaba da ninke kayan tsohon tana sawa a buhu.

Ranar Juma'a da safe aka sa akwatin gawar a bas aka nufi Wusasa. Ni'ima ta raka su har bakin titi.

Da yamma ta hau soro kwashe shanya. Daga can ana hango cikin silimar, fili fetal, babu ko kujera ɗaya. Ƙaton farin bangon da ake haska fim yana nan ba a taɓa shi ba tukuna. Rana ta karkata, inuwar wasu leburori biyu ta faɗa a kansa, dogaye, suna wucewa ɗauke da katako. Ta tsaya da zanin Kamila a kafaɗa tana kallo har suka fice daga bangon.