Inda Aka Sauke Kassimu

A shekarar da fari ya hana gero fitar da kai, aka aiko ƙauyen su Dallatu, can bayan Makoda, wai tsofaffin sojoji su je Kano za a karrama su. Mutanen gari suka yi ta dariya. Karramawa, a shekarar da ko ɓera ya yi ƙaura daga rumbu? Dallatu dai ya wanke tsohon kakinsa. Lambar yabo ba ta dame shi ba. An ce za a kai su kallon tsofaffin jiragen yaƙi da aka ajiye a wani fili, shi kuwa yana da tambaya.

Tare suka tafi yaƙin basasa da amininsa Kassimu. Harsashi ya sami Kassimu a ciki, Dallatu ya kama aka ɗora shi a jirgin sama, jirgi ya tashi, shi ke nan. Ba gawa, ba saƙo. Mahaifiyar Kassimu, Inna Fanta, ta hana a yi masa ko sadakar uku. "Wanda ya hau abin hawa ai dole ya sauka," in ji ta. Yanzu idonta ya tafi, 'ya'yanta mata suna gidajen aurensu, ba mai leƙa ta kullum sai Dallatu, wanda shi ma gidansa ya zama kango tun rasuwar matarsa. Su biyu suka rage masu ambaton Kassimu a garin, tambayarta kuma ba ta canzawa: ina aka sauke shi?

A Kano an shanya su a rana, manya suka yi jawabi har suka gaji don kansu, aka raba lemo, aka tafa. Daga nan aka zuba su a mota zuwa filin. Dallatu na sauka ya hangi wani jirgi mai ƙaton ciki, irin wanda ya ɗauki Kassimu sak. Ya tari matashin sojan da ke yi musu bayani.

"Ɗana, ina direban wannan?"

"Matuƙin, Baba? Me za ka yi da shi?"

"Wani fasinja ya ɗauka. Mu a wajenmu in mutum ya ɓata tasha ake zuwa. Direba ba ya manta inda ya sauke mutum, in ma ya manta yaron mota zai tuna."

Wasu suka kwashe da dariya, har da tsofaffi irinsa da ya kamata su fi kowa ganewa. Matashin bai yi ba.

"Baba, masu tuƙa irin waɗannan wasunsu baƙi ne, sun koma ƙasarsu tuntuni. Wasu sun rasu. Wallahi ba zan iya ce maka shi ne ya ɗauki mutuminka ba."

Dallatu ya cire takalmi, ya yi sallama a bakin ƙofar jirgin, ya shiga. Ba kujera ko ɗaya, sai kashin tantabaru da gidan zanzaro. Ya zauna a ƙasa har aka yi ta danna masa hon. Kaɗaicin da ya ji a wurin ko a daji bai taɓa jin irinsa ba.

Da la'asar ya koma ƙauye, ya iske Inna Fanta a bakin ɗakinta.

"Dallatu ne? Me suka ce?"

"Inna, jirgin ya daina tashi. Tayoyinsa sun nutse a ƙasa. Na shiga har ciki, ba kowa."



"To, ya sauka ke nan," ta ce. "Shiga ɗaki, bayan randa akwai tukunyar gero. Kai wa Asiya maƙwabciyata ta daka gumba, ka faɗa wa liman gobe za a yi wa Kassimu addu'a."

Ya ɗauko tukunyar, ya buɗe, ya tsaya.

"Inna, wannan ai iri ne. Damina fa?"

"Ai dama don Kassimu nake shukawa."

Dallatu ya rungumi tukunyar ya fita. Sai a hanya ya gane cewa daga gobe babu sauran mai yi masa tambayar Kassimu.