Geron Na'iya a Tungar Jumare

Na'iya na cikin sauke wa jakunansa mangala a bakin kasuwar Tambuwal sai ya ga mutane sun yi dafifi a ƙofar ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, inda akan fito da akwatin rediyo ranar kasuwa a ɗora kan tebur. Ya ɗaure dabbobin a gindin tsamiya, ya matsa ya kasa kunne. Mai karanta labarai yana cewa rikicin ƙasar Masar ya yi tsami, har Rasha ta aike wa Ingila da kakkausan gargaɗi. Can a ƙasar Jamus kuma sojojin ɓangarorin biyu suna tsaye a kan iyaka guda suna hararar juna. Abin da ya fi ɗaga hankali, Rasha na da bam ɗin nan irin wanda aka jefa wa Japan, Ingila ma na da shi.

Nan take wurin ya kaure da gardama. Wani mahauci, wanda ko Sakkwato bai taɓa zuwa ba, ya ce in shi ne Sarkin Ingila ba zai tsaya jiran komai ba, sai ya riga su jefawa kowa ya huta. Aka bushe da dariya, ana cewa ai a ba shi sarautar kawai.

Na'iya bai yi dariya ba. Shi ya yi yaƙin Bama, kuma ba bindiga ya riƙe ba, waɗanda aka harba yake ɗauka a kafaɗa yana ratsa laka da su. Ya sha ganin yadda soja ɗaya mai jin tsoro zai ji motsin ganye ya yi harbi, kafin ka ce me, daji duka ya kama da ruwan harsashi, gari ya waye babu wanda ya san abin da ya jawo. A sansanin da suka zauna a Indiya suna jiran jirgin dawowa gida, wani likita Bature ya nuna masa hoton birnin da bam ɗin ya faɗa wa, fayau kamar gonar da aka share. Sauran sojoji na murna yaƙi ya ƙare, likitan kuwa ya ce abin da yake tsoro shi ne ranar da maƙiya biyu kowa zai mallaki nasa. To, ga ranar ta zo, ga mahauci na ba da shawara.

Ya juya zai koma wajen jakunansa sai Tambaya mai sayar da kananzir ya yafuto shi. Tambaya mutum ne da ba ya iya riƙe magana ko an ɗaure masa baki, amma yau muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ya ce tun da hantsi Ɗangiwa, ƙanen Na'iya, ya zo ya sayi garwa guda cur, alhali gidansu kwalba ɗaya kan kai su wata. Bai daɗe da tafiya ba sai ga Atiku, ɗan tsoho Jumare na Tungar Jumare, shi ma garwa guda. Kuma kowannensu ya tambaya ko wancan ya zo.

"Kai kuma mi ka ce musu?" in ji Na'iya.

"Gaskiya na faɗi, Soja. Ni ban iya ƙarya ba."

Kai, wata gaskiyar dai Allah ya raba mu da ita. Na'iya ya bar gyaɗar da ya kawo a hannun dillali ba tare da ya tsaya ciniki ba, ya kaɗa jakunansa ya kama hanyar Kebbe.

Ƙauyensu, Gidan Namadi, da Tungar Jumare fadama ɗaya ce ta raba su, in an yi kiran salla a nan ana ji a can. Rigimar kuwa ta faro ne tun damina, kan abin da bai taka kara ya karya ba. Shanun Tunga suka kauce daga burtali suka shiga waken wani. Samarin Gidan Namadi suka fasa wa makiyayin kai. Mutanen Tunga suka rama, suka cike rijiyar lambu da ƙasa. Aka sassare musu ƙafar saniya. Makon jiya kuma aka ga bukkar gona ta ci wuta, har yau ba a san ko hannu ne ko tsautsayi ba. Kowane mataki ya ɗara na baya da taki ɗaya, kuma kowa na rantsuwa shi ramuwa kawai ya yi.

Ga shi kaka ce. Al'adar ƙauyukan nan biyu, ba a zuba gero a rumbu sai ya sha rana an fitar da zakka, don haka kowane ƙauye ya tara dammansa gaba ɗaya a fako guda a bakin fadama. Tsakanin tarin nan biyu babu komai sai ciyawar gamba, ta fi mutum tsawo, ta bushe ƙayau. Iskar yamma a fadamar nan kuwa ba ta da alƙibla, yanzu ta yi gabas, an jima ta juyo. Duk wanda ya ƙyasta ashana a gefe ɗaya, abincin shekara na ƙauye biyu ya ƙyasta wa, ko da wancan bai rama ba. Kuma zai rama.

Na'iya ya yi tunanin kai ƙara wajen hakimi. Amma kafin dogarai su ɗaura sirdi an yi magariba, in sun zo ma ƙanensa za su tasa gaba da igiya a ƙugu, uwarsu tsohuwa na kallo. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda rabonsa da shi tun Bama.

Ya tarar da Ɗangiwa a zauren gida da samari kewaye da shi, garwar na jingine a lungu an rufe ta da buhu. Ɗangiwa ba mugu ba ne, a gaya wa kowa. Shi ne mai noman da ya fi kowa a gandun gidansu, shi ne mai goya uwarsu zuwa ɗakin magani. Amma zuciya gare shi kamar garwashi, kuma samarin gari in ya ce su tashi ba sa tambayar ina za a. Na'iya ya yi masa magana ta hankali, ya ambaci iska, ya ambaci gamba. Ɗangiwa ya ce duk ya sani. Ya ce shi ma ba son wutar yake ba, amma Atiku ya sayi garwa, kuma ba don fitila ya saya ba.

"In ba mu riga su ba, Yaya, su za su riga mu. Da an sallame magariba muna tafiya."

Maganar mahaucin nan ce sak, sai dai a nan babu mai dariya. Na'iya ya fita ya kaɗa jakunan zuwa fako.

Kowane gida da irin ɗaurin da yake yi wa dammansa, don kada a cakuɗe a tari. Na gidan su Na'iya kaba ce ninki biyu, a mayar da bakinta baya a soke, ɗaurin da mahaifinsu ya bar musu, ko makaho ya shafa ya san na wane ne. Na'iya ya shiga zaro dammunan gandunsu, wato abincinsa da na Ɗangiwa da na uwarsu, yana ɗora wa jakuna. A nan matarsa Rabi'atu ta same shi, ta dawo daga rijiya. Da ya gaya mata inda zai kai su, ta sauke tulu ta dube shi kamar wanda ya taɓu. Ta ce in mutanen Tunga suka riƙe fa? In Ɗangiwa ya ƙi ji ya cinna wutar duk da haka fa? Ta ce ita ta ga yunwa da idonta tana yarinya, ta ci tafasa babu gishiri, ba ta son 'ya'yanta su san ɗanɗanonta. Tana maganar hawaye na zuba, kuma bai ce mata ƙarya take ba. Ya ce shi ma bai da tabbas. Amma in ya bar su a nan, tabbas toka za su kwana.

Ta share fuska da bakin zane. Sai ta zagaya ɗaya gefen jakin ta kama mangalar ta ce ya ɗaga, ai ya karkace kayan.

Ya ratsa fadamar shi kaɗai, gamba na shafar fuskarsa, ba sanda ba wuƙa. Yana ɓullowa fakon Tunga samari suka yi masa caa. Atiku ne ya fara isowa, bai tsaya tambaya ba ya sauke masa gora a kafaɗa, har sai da Na'iya ya durƙusa. Mutumin da ya yi shekaru a soja, wallahi da ya so da ya karɓe gorar nan ya karya ta a gwiwa. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce Baffa Jumare yake nema, kuma su duba kayan da kyau, babu wuta a ciki.

Tsoho Jumare ya fito yana dogara sanda, siriri, fari, idonsa ɗaya ya yi yana. Ya taɓa zama abokin Namadi, mahaifin Na'iya, tare suke kai shanu mashaya kafin duniya ta lalace. Bai amsa gaisuwa ba sai da ya kai hannu ya shafa ɗaurin dami ɗaya, ya bi kabar da yatsa har inda aka soke ta.

"Ɗaurin Namadi ne wanga. Mi ya kawo shi nan?"

"Ajiya na kawo, Baffa. Geron gandunmu duka, har da na Inna. A sa min shi tsakiyar naku."

Atiku ya ce dabara ce, a kore shi. Tsohon bai ko waiwaye shi ba. Ya tambayi Na'iya ko ƙanensa ya sani, ya ce bai sani ba tukuna, amma zai sani kafin magariba. Jumare ya gane sarai abin da aka yi masa. A ƙasar nan wanda aka ba ajiyar hatsi ya fi tsaronta a kan nasa, in ta salwanta a hannunsa har jikokinsa sai an goranta musu. Yanzu in ɗansa ya cinna wa fadama wuta iska ta juyo, ba geronsu kaɗai zai ci ba, har da amana. Na'iya ya ɗaure hannun ƙanensa, ya kuma ɗaure na Atiku da igiya ɗaya.

Tsohon ya yi wata 'yar dariya marar sauti, ya ce Namadi ma haka yake, ba ya zuwa da abu mai sauƙi. Ya sa aka buɗe tsakiyar tarin aka jera dammunan. Da Na'iya ya kama akalar jakin gaba zai juya, sai ya ɗaga sanda ya tare shi.

"Jaki ba shi fita gidana wofi. Atiku, ɗora mishi namu. Na uwarka za ka fara ɗaukowa."

Atiku ya dubi uban. Da hannun da ya yi dukan, da shi ya yi lodin.

Haka Na'iya ya yi ta safara har la'asar sakaliya, ya kai nasu ya dawo da na Tunga, kafaɗar na zogi kamar za ta fita. A sawu na ƙarshe ya tarar da gari duka a fako. Ɗangiwa na tsaye a gaba, garwar a hannu, yana kallon gurbin da geronsu yake ɗazu, inda yanzu aka jera baƙin dammuna masu ɗaurin Tunga. Ya ce Na'iya ya sayar da su, ya kai abincin uwarsu hannun maƙiya, ya mayar da shi abin dariya a gaban yaran da ke binsa. Ya ce soja dai an yi asarar kaki. Na'iya ya bar shi ya zazzage duka, yana ta kwance igiyar mangala.

"Garwa na hannunka, ban karɓe ba," ya ce. "Geron Inna na can tsakiyar nasu. Na uwar Atiku ga shi nan. Hanya kuma ka san ta."

Samarin da ke bayan Ɗangiwa suka shiga kallon ƙafafunsu. Wata tsohuwa, Zahara'u, wadda 'yan dammanta ba su taka kara sun karya ba, ta ratso mutane ta ce wa Na'iya in jakunan ba su gaji ba a kai mata nata can su ma, ita ta fi yarda da wurin da kowa ke tsoron ƙonawa.

Sai Ɗangiwa ya dangwarar da garwar a gaban Rabi'atu, ya ce ta ɗauke masa wannan abin daga nan, kusa da hatsi ne, ko ba ta da hankali? Ya fizge fartanya daga hannun wani, ya nufi inda gambar ta matso jikin tarin, ya shiga kankare ta yana jifa da ita baya, yana zagin Atiku da kakannin Atiku. Ɗaya bayan ɗaya samarin suka watse neman fartanyu.

Na'iya ya ɗora dammunan Zahara'u. Ko Rasha da Ingila za su sami wanda zai yi musu irin wannan safarar, bai sani ba, sai kasuwa mai zuwa in rediyo ya faɗa. Ya kaɗa jakunan ya bi ta gefen ƙanensa, yana tsammanin ba zai kula shi ba. Ɗangiwa bai ɗago kai ba, bai kuma daina sara ba.

"In ka isa," ya ce, "ka gaya ma wancan ɗan banzan shi share gefensu da kyau. Geron uwata na can."