Kwanan Umma a Motar Japan

Abu ɗaya Sa'adiya take so kafin mahaifiyarta ta koma Kano: su kwana wuri ɗaya, ta ji numfashinta a kusa kamar lokacin da take yarinya. Tun farkon bazara Hajiya Raki ta sauka a Handsworth, gidan ɗanta Rabe, likita a Birmingham, ga shi har ranar tafiya ta matso. Sa'adiya ta roƙe ta ta zo gidanta a Gorton, can Manchester, ta kwana biyu, ta ƙi.

"Ni in kwana gidan suruki? Sai ka ce ba ni da ɗa."

In kuma Sa'adiya ce ta je Handsworth, da la'asar ta yi Umma za ta fara korarta. "Tashi ki kama hanya. Matar aure ba ta kwana a waje mijinta na gida."

A shekarar ne council, hukumar birnin, ta rage wa Falalu, mijin Sa'adiya, ranakun aiki a sashen hanyoyi. Aka rufe laburaren unguwarsu, aka rufe wurin ninƙayar da yara suke zuwa, zancen zuwa Kano hutu kuwa ya mutu murus. Falalu bai yi ƙorafi ba. Wata Asabar kawai sai ga shi ya shigo layi da wata doguwar farar mota da dila ya kawo daga Japan, ta ci shekarunta amma tana sheƙi, da labule a kowace taga, kujeru layi uku masu kwantawa su zama gado. Da an tayar da ita sai wata mace ta yi magana da Japananci cikin sanyin murya. Taswirar da ke gaban direba ba ta san Ingila ba, kullum nuna su take a tsakiyar teku. Sa'adiya ta yi fushin kwana biyu, har ranar da ta farka cikin motar a wata gona, ta ja labule ta ga hazo kwance a kan tsaunuka, Falalu yana tsugune yana dafa mata shayi da hular sanyi a karkace. Ranar ta yafe masa motar, ta sake son sa sabo fil.

Shi ne ya kawo dabarar su je su kwana a gonar wata Baturiya da ke ba baƙi hayar fili. "Gonar Baturiya ai ba gidana ba ce. Ke da Umma da yara ku kwana a mota, ni ina can gefe cikin tanti."

Umma ba ta amince duka ba. Ta ce a waya, "Mu je dai mu gani. In bai yi mini ba, a maido ni kafin magariba."

Da sassafe suka bar Manchester, Falalu ko karyawa bai yi ba saboda ɗoki. A ƙofar gidan Rabe ya durƙusa har ƙasa a kan titi ya gaida Umma, ta amsa tana kallon bishiya. Rabe ya zagaya motar yana dariya.

"Injiniya, wannan motar asibiti ce ko ta haya? Mutum da gidansa da hita ya tafi jeji ya kwana da tumaki!"

"Likita, kai dai zauna cikin flat ɗinka ka shaƙi hayaƙin bas."

Aka zaunar da Umma a kujerar tsakiya, daidai bayan direba. Yaran, Zinatu da ƙanenta Ashafa, suka haye layin baya. Falalu ya murza makulli, matar nan ta Japan ta yi maganarta.

"Lafiya lau, yarinya," in ji Umma. "Ya aiki?"

Yara suka fashe da dariya. Zinatu ta ce da Turancinta na Manchester ai ba mutum ba ce, na'ura ce.

"Ko mece ce, ta gaishe ni. Ta fi wasu da na sani."

A hanya Sa'adiya ta buɗe robar dambun nama, ta miƙa baya. Yara suka wawura. Umma ta girgiza kai ta ce ta ƙoshi, alhali matar Rabe ta raɗa wa Sa'adiya cewa ruwan shayi kawai ta sha. Sa'adiya ta miƙa wa Falalu, ya ce shi ma alhamdu lillahi. Ta dube shi, ta dubi mahaifiyarta, ta gane inda aka dosa. Tun aurensu, Falalu da Umma ba su taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gaban juna ba. A Kano abin ba ya wahala, akwai zaure akwai tsakar gida. Ba ta damu ba sosai, ta san in sun isa shi zai ci nasa a tanti.

Sun isa gonar bayan azahar, can cikin tsaunukan Derbyshire: fili kore shar, katangar duwatsu, tumaki masu kauri kamar an naɗe su da bargo. Umma ta sauko ta tsaya tana kallonsu.

"Waɗannan ko wanka ba a yi musu. Amma akwai nama."

Bayan sun yi salla Falalu ya ɗaga ƙofar baya, ya kunna ƙaramin risho a ƙarƙashinta, ya ɗora dafa-duka. Shi ke girki in sun fito, dokarsa ce. Umma tana can tana zagaya fili da jikoki, ba ta ga wanda ya yanka albasa ba. Da tukunya ta kusa nuna ya bar wa Sa'adiya, ya tafi kafa tanti.

Bai gama cusa sanduna ba sama ta haɗe. Iska ta taso daga bayan tsauni, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Sa'adiya ta suri tukunya ta faɗa mota, yara suka shigo suna ihun murna, Umma ta koma kujerarta tana karkaɗe mayafi. Falalu ya yi kokawa da tanti har ya faɗo masa a ka, sannan ya haƙura ya shigo mazaunin direba, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Ƙamshin dafa-duka ya cika motar, ga daddawa ga busasshen kifi. Sa'adiya ta zuba wa yara. Ta zuba faranti biyu ta riƙe, ɗaya a kowane hannu.

"Umma, bisimilla."

"Ajiye dai."

"Baban Zinatu?"

"Sai an jima."

Ruwa na dukan rufi, cokulan yara na ta ƙara. Tagogi suka yi gumi. Can cikin Falalu ya yi wani irin ƙugi mai tsawo, wanda ba yadda za a yi a ce ba a ji ba. Ashafa ya ce, "Dad, was that you?" Zinatu ta toshe masa baki. Falalu ya ƙura wa taswira ido, ita kuma tana nuna su a tsakiyar teku kamar kullum.

Ruwa bai da niyyar tsayawa. Sa'adiya ta lura Umma tana matse goshi da yatsu. Ta san wannan ciwon kan, na yunwa ne.

"A ce masa," in ji Umma, tana magana da Sa'adiya kamar Falalu ba ya wurin, "in ruwan ya sassauta a maida ni. Wurin yana da kyau, na gani. Kaina ne ke sarawa."

Falalu ya kama murfin ƙofa.

"Umma, bari in ɗan fita, ku ci abinci a tsanake."

"A ce masa kada ya soma. In fitar da mutum daga motarsa cikin wannan ruwa don in cika cikina? Wallahi ko loma ba zan kai ba."

"To Umma ki ci yana nan mana!"

"Ke, ki kiyaye ni."

Sa'adiya ta ajiye farantan a gaban mota. Hawaye suka zo mata ba shiri, masu zafi, har da haushin kanta. Ta ɗauki hutu da ƙyar daga ƙaramin asibitin unguwa da take aiki, ta wanke barguna, ta sayo wa Umma safa mai kauri, ta kwana tana tsara hirar da za su yi in yara sun yi barci. Yanzu duk zai tafi a kan shinkafa, saboda mutum biyun da ta fi so a duniya kowa ya fi ɗan'uwansa kunya.

Ta share ido da bakin mayafi, ta tsallaka tsakanin kujeru zuwa baya, ta durƙusa a gaban mahaifiyarta.

"Umma, ɗaga ƙafarki."

"Me za ki yi?"

"Ɗaga dai."

Ta lalubi wani ƙarfe a ƙarƙashin kujerar ta ja, ta tura da kafaɗa. Kujerar ta juya da Hajiya Raki a kanta, a hankali, kamar ana juya amarya a nuna wa dangi.

"Innalillahi! Ke Sa'adiya! Ina za ki kai ni?"

Ƙarfen ya yi ƙas, kujera ta tsaya. Umma ta sami kanta tana fuskantar jikokinta da gilashin baya da tsaunuka cikin ruwa, ta ba gaban mota baya gaba ɗaya. Yara suka yi tafi. Sa'adiya ta miƙa hannu ta cire hular Falalu, ta rataya ta a kan madubin direba.

"To. Ba ya ganinki, ba kya ganinsa. Shi yana zaure, ke kina cikin gida. Don Allah ku ci, ko in fita in zauna cikin ruwan ni."

Ta ɗora wa kowa farantinsa a cinya, ta zauna a ɗaya kujerar tsakiyar inda take ganin su duka biyu ta gefe. Ba wanda ya motsa. Sai Umma ta gyara zama, ta waiga kaɗan ta tabbatar ba ta hango komai sai bayan kujera, ta yi bisimilla a hankali. Da Falalu ya ji ƙarar cokalinta, sai ya sunkuya a kan nasa kamar wanda ya kai azumi.

Sa'adiya ba ta ci ba, kallo take. Umma ta cinye ta miƙo faranti, aka ƙara mata. Daga gaba ma hannu ya miƙo ta gefen kujera.

"Hannunki ya faɗa," in ji Umma, tana tsame ƙayar kifi. "Da ba ki iya sa daddawa haka ba."

"Ba ni na dafa ba."

Cokalin Umma ya tsaya. A gaba ma aka daina tauna.

"Wa ya dafa?"

"Mai zaure."

Umma ta kalli tsaunuka. Kafaɗunta suka fara girgiza, ta kai mayafi baki, dariyar ta ƙwace mata duk da haka, irin wadda Sa'adiya ta rabu da ji tun rasuwar mahaifinsu.

"Falalu," in ji ta, ba tare da ta juya ba. Karo na farko ke nan da ta kira sunansa yana wurin. "Wa ya koya maka?"

"Yunwar jami'a ce, Umma. A Withington, mu uku a ɗaki ɗaya, ba mai uwa a kusa."

"Gishiri ya yi kaɗan."

"Za a gyara."

"Amma kifin ka iya. Ka jiƙa shi da ruwan zafi ko?"

Haka suka ci gaba, ƙeya da ƙeya. Ta tambaye shi aikin da aka rage musu, ya faɗa mata gaskiya, ta ce Allah zai buɗa wata ƙofar. Ya tambaye ta ko har yanzu ana samun daddawar kalwa mai kyau a kasuwar Rimi, ta ce sai an san wurin wa za a je. Ta ba shi labarin yadda Sa'adiya ta taɓa ƙona tukunyar wake har maƙwabta suka zo da bokitai, ya yi dariya har ya dafa hon da gwiwar hannu, tumaki suka watse.

Wajen la'asar ruwa ya ɗauke. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, ciyawa ta ɗauki ƙyalli, tururi na tashi daga katangar duwatsu. Falalu ya goge gilashi da hannun riga, ya yi gyaran murya.

"Umma, hanya ta yi kyau. In tayar da mota?"

Sa'adiya ta ƙura wa farantin da ke hannunta ido.

"Ka tayar ka je ina? Je ka tsiyaye bukkar nan taka tun da sauran rana, kada ka kwana cikin tabki."

Falalu ya fice da sauri har yana tuntuɓe, yara suka bi shi suna tsalle cikin caɓi. Sa'adiya ta kifa kanta a cinyar mahaifiyarta, kuka da dariya suka haɗe mata. Umma ta bar ta na ɗan lokaci, tana shafa mata kai, sannan ta ɗan bubbuga kafaɗarta.

"Ya isa, kin jiƙa mini zane. Tashi ki nuna mini yadda abin nan yake zama gado. Kuma ni gefen taga zan kwanta, kin san ki da shure-shure."