Kukan Dogon-Baki

Duk bakin ruwan nan babu wanda ya kai Tsoho mai gyaran koma daɗewa, kuma ba ya bari a manta. Kwalekwale ya kife da shi sau uku, wani kada ya ɗanɗani cinyarsa ya tofar, sa'o'insa kaf shi ya raka su makwanci. Shi ya sa da wata malamar jami'a ta zo cigiyar wanda ya taɓa ganin dogon-baki, tsuntsun da aka ce ya ƙare a duniya, sai aka nuna mata rumfarsa.

Ta ce gashinsa da ƙashinsa suna nan a ajiye, kukansa ne ba wanda ya taɓa ɗauka. Ta tambaya ko ya yi kama da na zakaran ƙeƙuwa, tsuntsayen nan da suka cika gaɓa da kwarmato.

Tsoho ya yi dariya har da tari. Ya ce me ya haɗa kifi da kaska? Zakaran ƙeƙuwa ai ɗan tasha ne, kowa ya gifta sai ya zage shi. Dogon-baki kuwa sau ɗaya yake magana, in ruwa zai ƙaru, masunta su janye komarsu. Shi Tsoho da fiton baki yake kiransa, ya sauko har gabansa.

"Kunna abin naki, 'yata. Yau za ki ji abin da boko bai ba ki ba."

Ta miƙo na'urar ɗaukar sauti. Ya lashi leɓe, ya tsuke baki, ya hura. Wani kaifin sauti ya fita, nan take zakarun ƙeƙuwa biyu suka amsa masa. Ya sake, suka sake. Sai da harshensa ya je neman inda ya saba tokarewa ya tarar da dasashi. Ashe ta wushiryarsa fiton yake bi, haƙoran kuwa sun zube tun bara waccan.

Malamar ba ta taɓa jin na gaskiyar ba. Fuskarta ta washe, ta ce ashe dai suna kama, ta fara rubutawa. Da ya yi shiru, da sunansa ya shiga littafi. Ya ɗora hannu a kan takardar.

"Goge shi. Ba shi ba ne."

"To Baba, yaya yake?"

Ga kukan nan yana jinsa tar a kunnensa: ya faro ƙasa-ƙasa, ya haura, ya karye a ƙarshe. Ya ɗaga yatsa ya zana hawan a iska, ya sake zanawa. Na'urar tana kunne, ba abin da take ɗauka sai numfashinsa.