Takardar Mai Gyaran Rediyo

"Karkato da ita in ga inda za ka danna," in ji mai gyaran rediyo.

Malamin firamare ya karkata masa wayar. An ɗauke shi aikin mako biyu, ya bi gida-gida yana ƙirga masu ilimi a gundumar, aikin da tafiyarsa ta fi ƙirgarsa yawa. Gurbi biyar ne a fom ɗin da ke cikin wayar: babu, firamare, sakandare, difloma, digiri. Yatsansa ya riga ya haddace hanyar na farkon.

Wannan gidan kuwa katanga ce kawai tsakaninsa da nasa. Shekara ashirin yana jiyo tarin mutumin, amma na bana daban ne. Mai gyaran yana kwance a katifa, kewaye da rediyoyin da masu su suka haƙura.

"Difloma za ka sa, Malam. Fannin lantarki. Ni na zo na biyu a ajinmu."

"Na sani, Yaya. Amma sai wayar ta ga hoton takardar, in ba haka ba ba ta wucewa."

"Wato ni ne ba ta yarda da ni ba?"

"Ni ɗin ma ba ta yarda da ni ba."

Matar mai gyaran ta buɗe wani gwangwanin madara, ta zaro 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce an yi sanarwar ɗaukar ma'aikata a ofishin gunduma. A lokacin babu injin kwafi a yankin, sai ya miƙa takardarsa ta asali. Suka ba shi wannan, mai tambari da kalma biyu: an karɓa. Ba a kira shi ba. Shi kuma bai je karɓowa ba, gudun kada a ce ya janye neman aikin.

Malamin ya ɗauki hotonta. Wayar ta yi ɗan nazari, ta ce ba ta gane ba.

"Kada ka jefa ni cikin babu, Malam," ya ce, yana haki. "Ni da mai faci layi ɗaya? Mutumin da ke sa hannu da babban yatsa?"

"Ka ji shi," in ji matar. "Numfashi na gagararsa, amma raina mutane bai gagare shi ba."

Washegari malamin ya hau babur zuwa ofishin. Akawun da ya tarar an haife shi ne bayan an buga tambarin. Ya ce tsofaffin fayil suna sito, makullin sito yana hannun wani da ya yi ritaya, wanda ya yi ritayar kuma yana fushi.

"Ka dawo Litinin."

"Mutumin nan da wuya ya kai Litinin."

"To, Talata."

Da yamma ya dawo ya tarar da takalma jibge a ƙofar gidan. An riga an kai shi.

Bayan kwana uku wa'adin aikin ya cika, gida ɗaya ya rage. Ya sami matar mamacin a tsakar gida tana warware ɗinkin matashin kai.

"Sau biyu yana tambayarka. Na ce ka tafi karɓowa." Ba ta ɗago ba. "Ka sa shi?"

"Na sa shi."

Gaskiyar ita ce fom ɗin ba ya ƙirga matattu. Da safen nan ya goge layin, wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, karo na farko da ta nemi ra'ayinsa.

"Saura ke, Yaya. A ina kika tsaya?"

"Ni ko ƙofar aji ban sani ba. Ka dai sa ni kusa da shi."

Ya danna gurbin farko. Ta ja zaren ƙarshe, tsohuwar audugar ta zubo kan tabarma, iska ta fara ɗibarta kaɗan-kaɗan.