Birkin Baba

…ƙwaya ta goma sha bakwai ke nan da ta gwada, ita ma haka! Kai! Har da tafa hannu, ita da ke soka allurar gilashi a ƙwayar ƙwaƙwalwar ɓera ko numfashi ba ta yi. Layin da ke kan allon na'ura ya nutsa, amma rabin yadda yake nutsawa a na samarin ɓeraye kawai. Tsohon ɓera, wata ashirin da huɗu, bawan Allah…

'Yan ƙofofin nan na jikin ƙwayar, waɗanda in sun buɗe gishiri ya kwarara ciki sai ta yi tsit — su ne birki. Sun ragu! Masu zuga ƙwayar kuwa suna nan daram. Ashe injin lafiya lau yake, birki ne ya cinye.

Baba.

Ranar Asabar a falo, tana ba shi abinci da cokali, ya kama wuyan hannunta — "Auta, duk cikin 'ya'yana da ke nake alfahari." Baba fa! Tsohon hedimastan da in ta zo ta ɗaya sai ya ce, "Tamanin da biyu a lissafi? Ina sauran?" Shekararta arba'in da uku, ko madalla bai taɓa ce mata ba. Yaya ya ja ta gefe: "Kar ki sa a ranki, tsufa ne. Jiya ma ya ce wa likita kansa kamar tulu." Ta yi dariya, ta shige banɗaki ta sha kuka.

To Yaya, zo ka gani! Birki yana ƙirƙiro magana ne? Riƙewa kawai yake. In ya saki, abin da ke ciki ne ke fitowa. Kan likitan ma, tsakani da Allah…

A'a, tsaya. Ɓera ba Baba ba ne, ita ce ke nanata wa ɗalibai haka. Sha bakwai kuma ba ta isa hujja ba. Amma daɗi take ji, daɗi kamar ta taka rawa a tsakanin kwalaben nan! Ta kira shi? Ta ce me — "Baba, tun yaushe?" Zai ma gane muryarta yau?

Ga ƙaramar kwalbar magani a gefen na'ura, ita ce ta gaba a gwaji. Shekara shida tana neman maganin da zai gyara birkin nan, saboda Baba ta fara. In ya yi aiki, Baba zai samu barci, hannunsa ya daina karkarwa, ya dawo yadda yake a da, ya…

ya yi shiru.

Ta ɗiga maganin a kan ƙwayar, ko…?